Yadda Muka Raka Baba Iliya da Waƙa

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, tunda ku kuka ce in ba ku labari. Ɗazu ina shigowa na ji wani a cikinku yana cewa ba da waƙa ai ba aiki ba ne, wai kowa da bakinsa, in an kunna fiyano aka miƙa maka makirfo shi ke nan. Ban ga fuskarsa ba amma na gane muryar, don sanin murya shi ne sana'ata. Ba zan kama suna ba, uwarsa ƙawata ce. Ni Rifkatu da kuke ce wa Uwar Waƙa, tun ina budurwa nake ba da waƙa a majami'un ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, ga shi yau har da jikokina a cikinku, kuma har gobe in zan miƙe gaban jama'a sai ƙirjina ya buga. Wanda bai taɓa jin haka ba bai san abin da ya ɗauka ba tukuna.

Wanda ya koya mini sunansa Baba Iliya, ɗan ƙauyenmu ne can bayan Gwaram. Kafin ya zama mai bi, mawaƙin gayya ne. In manoma sun taru a gonar wani don su taya shi noma, shi ake kira ya bi bayansu yana waƙa, fartanyoyi suna sauka tare kamar hannu ɗaya. Da ya shiga bin Almasihu sai ya rufe bakinsa ruf, yana ganin waƙa kayan duniya ce, har ranar da mai bishara na ƙauyen ya karanta masa Zabura, ya gaya masa littafin nan dukansa waƙoƙi ne, kuma sarki ne ya yi da yawa daga cikinsu. Baba Iliya ya ce ranar har tsalle ya yi a tsakar majami'a. Daga nan ya kwaso karin waƙoƙin gayya da na niƙa da na daɓe da ke kansa, ya riƙa ɗora musu maganar Allah.

Shi kaɗai ne Kirista a gidan ubansa. Bai tashi ba, ba a kuma kore shi ba. Zaure ɗaya suke shiga da ƙaninsa Alhaji Sale, in an yi Sallah a kawo masa nama, in an yi Kirsimeti ya aika musu da shinkafa. Matarsa ta rasu da daɗewa, Allah bai bar masa ɗa ko ɗaya ba.

Ina dakan gero a tsakar gidanmu ya jiyo ni ta katanga, ya yi sallama ya ce wa innata ta ba shi aron yarinyar nan mai hira da taɓarya. Inna ta tambaye shi me za a riƙa ba shi, ya ce ba ya son gero, ba ya son kaza. Sai ya juyo ya dube ni.

"Abu ɗaya nake so. Ba ni da ɗa. Ranar da na mutu 'yan'uwana ne za su ɗauke ni, mutanen kirki ne, amma shiru za su ɗauke ni, don haka al'adarsu take. Kada ki bari a sa ni a ƙasa ba waƙa."

Na yi dariya irin ta yarinta na ce to, Baba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in sake faɗa a gaban innata, na sake faɗa, ya ce to alkawari kaya ne, daga yau yana kanki. Duk shekarun da zan ba ku labarinsu da wannan kaya nake yawo, kuma duk lokacin da na wuce ta ƙofar gidansu na ga Alhaji Sale zaune a kan buzunsa, sai in ce wa kaina, Rifkatu, akwai rana.

Ni a zatona washegari zan fara ba da waƙa. Ina! Can baya ya kai ni ya ajiye, tsakiyar tsofaffin mata, ya ce aikina amshi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina amshi. In an tashi sujada sai ya tsare ni a gindin darbejiya ya tambaye ni wa ta makara a amshi yau, wa ta riga, wace ce ba ta buɗe baki ba sam, kuma me ya hana ta. Ni da na zo koyon murya sai ga ni ina koyon kunne. Na yi fushi har na je na gaya wa inna mutumin nan ɓata mini lokaci yake yi, ta ce in koma kafin ta ɗauko muciya.

Ranar da ya fara ba ni gaba, wata Lahadi ce bayan shuka. Na cika ƙirji na ɗauko waƙar can sama, inda muryata ta fi zaƙi, ina jin kaina. Baitin farko ya fita tas. Da aka zo amshi sai 'yan mata kaɗan suka biyo ni, tsofaffi suka yi ta miƙa wuya suna tari, sannan suka haƙura suka zuba mini ido. Bayan sujada Baba Iliya ya ce mini, in za ka ɗora wa mutum kaya a ka tsawonsa kake dubawa, ba naka ba. Ana ɗauko waƙa a inda tsohuwa mai fama da tari za ta iya kamawa. Ya ce in an fita ana yabon muryata na yi wasa, in an fita ana rera waƙar a hanyar rijiya to na yi aiki. Daga ranar ban ƙara ɗauko waƙa ba sai na fara duban bencin baya.

Ku gane dalili. A lokacin, in ka cire mai bishara da wasu maza kaɗan, ba mai iya karatu a majami'armu. Mace za ta ji wa'azi da safe, kafin ta kai gida yaro ya yi kuka, akuya ta ɓarar da gari, wa'azi ya bi iska. Amma abin da aka sa mata a waƙa yana nan, da shi za ta yi daka, da shi za ta goyi ɗa, ɗan ma ya tashi da shi. Manzo Bulus ai cewa ya yi mu riƙa koya wa juna, muna yi wa juna gargaɗi da zabura da waƙoƙi. Shi ya sa sanya nassi a waƙa abin tsoro ne. Sai in je wurin mai bishara ya karanta mini wurin, ya maimaita, ya sake maimaitawa har ya gaji da ni. In tafi gona da maganar a kaina ina juya ta har in gano ƙashin bayanta, 'yar gajeruwar jimla da za ta zama amshi. Sannan in nemo karin da zai ɗauke ta ba tare da ya murɗe wa kalma wuya ba. In na gama in kai wa Baba Iliya ya duba kari, in kai wa mai bishara ya duba magana. Ba a ƙari, ba a ragi. Na sha jefar da baiti mai daɗi don kawai nassi bai faɗi haka ba, ina ji kamar an ƙwace mini nama a baki.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da halinsa. Babba a ciki tulu ne, wanda ake bugun bakinsa da soso naɗe cikin tsumma ya ba da ƙarar nan mai nauyi da kuke ji a ƙirji. Ba kowane tulu ke magana ba. Akwai wata maginiya da ke kawo tukwane kasuwar Gwaram, Musulma ce, in ta hango ni da Talatu, ƙawata mai buga mini tulu tun farkon aikin nan, sai ta ce ga masu tulun coci nan, ta janyo waɗanda ta ɓoye mana a ƙarƙashin buhu. Talatu ta durƙusa ta ƙwanƙwasa cikin kowane da yatsa, ta kara kunne, ta hura bakinsa, masu sayen tulun ruwa suna kallonmu kamar mun taɓu. Sai gora mai ɗinkin duwatsu, sai kuge na ƙarfe da ke riƙe ƙafar waƙa. Ita kuwa murya, ruwan ɗumi da citta da ɗan zuma, kuma ba ruwan sanyi ranar aiki ko da zafi zai kashe ki. Ku da nake gani kuna tsotsar ƙanƙara a bakin majami'a, Allah ya shirye ku.

Ba na ƙin fiyanonku, kada ku je ku ce tsohuwa ta zagi fiyano. Zabura da kanta ta ce a yabi Ubangiji da ƙaho da molo da ganga, duk mai numfashi ya yabe shi. Abin da nake ƙi shi ne ku murɗa lasifika har uwarku da ke zaune a benci ba ta jin muryar kanta, ta gaji ta naɗe hannu tana kallonku. Ranar da janareto ya mutu ana tsakiyar yabo kuka yi cirko-cirko, wa ya ɗauko waƙar? Talatu ce, da 'yan haƙoranta da suka rage.

Da sunana ya fara fita, kira ya riƙa zuwa daga ƙauyuka, aure, suna, godiyar kaka, taron zumuntar mata. Da ƙafa muka fara, tulu a kan Talatu, daga baya aka samu 'yan acaɓa, ita a baya rungume da tulu kamar jariri tana yi wa ɗan acaɓa faɗa a kowane rami. Abin da aka samu a ba mu, wani ƙauyen gero, wani zabuwa, wani godiya kawai, kuma duk mun karɓa.

Akwai wani aure ta wajen Kangire da ba na mantawa. Uwar amarya mai hali ce, ta ja ni ɗaki ta nuna mini turmin atamfa, ta ce tana son in sa sunanta da na mijinta da zancen shanunsu a waƙar da za a shigo da amarya majami'a. Na ce mata, Mama, ni ba maroƙiya ba ce, in an fito waje a yi miki kirari har rana ta faɗi, amma cikin ɗakin nan suna ɗaya ake ɗagawa. Ta kumbura ta ce ai akwai wasu mawaƙan. Na ce akwai, Allah ya ba da sa'a. Har na gyara ɗankwali zan tafi sai amarya ta aiko a roƙe ni. Na tsaya na yi musu waƙar Rut, wadda ta ce wa surukarta, mutanenki za su zama mutanena. Kafin waƙa ta yi nisa uwar nan tana share hawaye da gefen gyale, don ta tuna 'yarta gidan wasu za ta. Atamfar dai ban sake ganinta ba, kuma ban yi tsirara ba.

A Birnin Kudu kuwa wata wahalar ce daban. Majami'ar cike take da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa daga nesa, wani Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Nan na koyi yin amshi gajere, wanda baƙon da ya sauka daga mota jiya zai iya kamawa, ni kuma in ɗauki nauyin labarin a baiti. Sai ka ga ma'aikaciyar jinya idonta ja don gajiya tana amsa waƙa kafaɗa da kafaɗa da matar da ta kawo ɗanta asibiti daga ƙauye, ba mai jin yaren wata. Wa'azi mutum ɗaya ke yi saura su saurara, addu'a ma sau da yawa ɗaya ke yi a ce amin, amma a waƙa kowa ke buɗe baki a faɗa wa Allah magana ɗaya a lokaci ɗaya. Na yi shekaru ina zuwa musu duk ƙarshen wata.

Duk inda na je na dawo sai na biya wa Baba Iliya na ba shi labari, yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Wata rana na ce masa ni waƙar murna na fi so, ta makoki tana kashe mini jiki. Ya ce to rabin sana'a na iya. Ya ce Maryamu 'yar'uwar Musa ta ɗauki ganga ta yi waƙa bayan an haye teku, wannan kowa zai iya, an tsira. Amma Bulus da Sila a kurkuku suka yi tasu, bayansu duk shatin bulala, ƙafafunsu a turu. Shi kansa Ubangiji Yesu, da suka gama cin jibin ƙarshe, ya san abin da ke jiransa, amma sai da suka yi waƙa shi da almajiransa sannan suka fita. Ya ce in sa a karanta mini Zabura daga fari zuwa ƙarshe in ji yawan kukan da ke cikinta. Ya zaunar da ni ya koya mini waƙoƙin binnewa, har da wadda ya tanada wa kansa, ta makiyayi, wadda ya ɗora a kan karin gayya mai nauyi da ake yi in rana ta take manoma sun gaji. Alhaji Sale yana shiga yana fita, yana ce mana sannunku.

Sai shekarar ruwa ta zo. Da yawanku kuna goye a lokacin, wasu ba a haife ku ba. Ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya shiga gonaki, gero ya ruɓe a tsaye, dawa ta kwanta, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa. Bangon gabas na majami'armu ya faɗi a kan tulun da muka fi so, Talatu ta zauna a kan ɓaraguzai ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Kira ya ɗauke ɗif, wa zai yi aure ba hatsi? Maza suka watse ci-rani tun kafin lokaci. Ni da nake yawo ƙauye-ƙauye sai ga ni ina tsinkar tafasa a bayan gari kamar kowa.

Da lokacin godiyar kaka ya yi, wasu dattawa suka ce a ɗage, me za a kawo? Fastonmu na lokacin, saurayi ne mai zuciya, ya ce a yi ko da zangarniya ɗaya ce. Ni aka bar wa ciwon kai, don duk waƙoƙin kaka da nake da su na cikar rumbu ne, in na yi su a ranar na yi wa mutane ba'a. Na je wurin Baba Iliya, lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, ba ya fita. Ya ce in je a karanta mini ƙarshen littafin annabi Habakuk, inda yake cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, shi zai yi murna da Allah mai cetonsa. Na yi kwanaki ina fama da ita kafin ta zauna. Ran godiya mata suka shigo a jere da faya-fayai a ka, wata da 'yar kuɓewa, wata da barkono cikin tafin hannu, wata faifan kawai. Na ɗauko ta ƙasa-ƙasa. Amshin da ya dawo mini ranar ban taɓa jin irinsa ba a shekarun da rumbu ya cika. Suna kuka suna amsawa, ba wadda ta makara. A duk waƙoƙin da na yi da ita na fi alfahari, kuma har yau ana yin ta a wuraren da ba su san sunana ba.

Ba a daɗe ba jikin Baba Iliya ya tsananta. Alhaji Sale ne ya nemo mota ya kai shi asibitin Birnin Kudu, shi ya zauna da shi yana ba shi kunu a baki, wannan zan faɗa a ko'ina. Na je duba shi na tarar ya rame ya koma kamar kara. Bai iya doguwar magana ba, ya kama hannuna ya ce, "Kina tune?" Na ce ina tune, Baba. Alhaji yana gefe yana jan carbi, bai san zancen da ake yi ba. Likitoci suka yi iya yinsu, daga baya aka dawo da shi gida, wata safiya bayan fitowar rana ya cika.

Kafin in isa har Alhaji ya tura samarin gidan sun fara haƙa. Ba mu da maƙabartar Kirista a ƙauyen, don haka a gonar Baba Iliya ta gado za a sa shi, can bayan gari. Mazan majami'a suka yi masa wanka suka shirya shi, Alhaji ya ba da likkafani. Mata kuwa sun cika ƙofar gida, namu da na ƙauyukan kusa da ya koya wa waƙa, wata har da ganga a hammata, Talatu da tulun aro. Da Alhaji ya leƙo ya ga ganga sai fuskarsa ta canza. Ya kira fasto zaure ya ce sun ba da hannu, sun ba da likkafani, a yi addu'a irin tamu ba mai hanawa, amma kiɗa da waƙa a kan gawa a ƙofar gidan ubansa, wannan ba za a yi ba. Gari zai ce sun yi biki ranar mutuwar ɗan'uwansu. Kuma su a wurinsu mata ba sa zuwa bakin kabari.

Fasto ya fito ransa a ɓace, samarinmu suka fara cewa ai gawar tamu ce. Na ga abin zai zama wani abu, ga rana tana ɗagawa, gawa kuwa ba ta jira. Na ce wa fasto ya ba ni izini in shiga. Na cire takalmi, na ja gyale, na durƙusa a bakin zaure na yi wa Alhaji gaisuwa yadda ake yi, na ce Allah ya ba da haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, mutum ne da wansa ya mutu a hannunsa. Na gaya masa alkawarin tun daga ranar dakan gero, na ce innata ce shaida kuma ta riga mu gidan gaskiya, saura ni da Allah. Na ce ganga da tulu da kuge duk a nan za a bar su, ba mai taɓa su.

Sai ya ce, "Me za ku ce a cikin waƙar?"

Na faɗa masa da baki, ba kari, kamar ina ba shi saƙo. Na ce maganar Dawuda ce a Zabura, cewa Ubangiji shi ne makiyayinsa, ba zai rasa komai ba, ko ya bi ta kwarin mutuwa ba zai ji tsoro ba don Ubangiji yana tare da shi.

Ya ce, "Wannan ai addu'a ce."

"Addu'a ce, Alhaji. Mu in addu'a ta yi wa baki ɗaya nauyi, sai mu sa ta a waƙa kowa ya kama gefe."

Ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce daga ƙofar gidan nan har a fita gari ba ya son ya ji ko tari. Gona kuwa ta wansa ce, ba tasa ba, shi ba ya hana mutum abin da zai yi a gonarsa, kuma bai taɓa jin an hana mace zuwa gona ba.

Wannan tafiya ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi, kuma ban buɗe baki a cikinta ba. Kun dai san matan zumunta, mutanen da ko tukunya za su sauke sai da waƙa. Na bi su ɗaya-ɗaya na ce duk wadda ta ce uffan kafin in ɗaga hannu, ni da ita ne. Maza suka ɗauki makara, Musulmi da Kirista suna karɓa-karɓa, mu muna baya. Muka ratsa gari ba ka jin komai sai takun ƙafa, mutane a bakin ƙofofi suna kallo, suna jiran abin da za su ɗauka su yaɗa. Ba su samu ba. Talatu tana gefena waƙa na neman kuɓuce mata, na riƙe mata hannu gam har muka wuce rijiyar ƙarshe.

A gona fasto ya karanta nassi, ya yi addu'a, aka sa shi a ƙasa. Alhaji da dattawansa suka ja baya suka tsaya a gindin wata ɗorawa a kan iyaka, samarin gidan suka ɗauki fartanyoyi za su rufe. Sai na ɗaga hannu. Ba tulu, ba kuge, ba abin da zai riƙe mini ƙafar waƙa. Na nemo mafi tsufa a cikin matan da ido, na ɗauko waƙar makiyayi a daidai wuyanta. Amshi ya dawo a hankali, a cike, kamar ruwa ya shiga fadama. Ba mu yi nisa ba sai na ji wani abu yana riƙe mana waƙar. Fartanyoyin samarin nan ne. Karin gayya ne, jikinsu ya san shi tun suna yara, ƙasa ta riƙa sauka tare da amshi ba tare da sun lura ba.

Ban so in ja abin da tsawo ba, kada mutumin da ya yi mana alheri ya ga kamar mun samu wuri. Na yi baitocin da suka wajaba na sauke waƙar, na ce a raina alkawari dai ya cika. Samarin suka tsaya da fartanyoyi a hannu suna duban juna, rami bai gama cika ba.

Sai na ga Alhaji Sale ya baro gindin ɗorawa yana tahowa, yana taka kunyoyin da ruwa ya cinye. Na ce a raina shi ke nan, mun ɓata masa. Ya zo ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba, ramin yake kallo, gemunsa a jiƙe.

"Rifkatu, ta ƙare ne?"

Na ce ta ƙare, Alhaji.

"Ba a gama rufe shi ba," ya ce. "Ki ɗauko daga fari."

Na ja numfashi na ɗauko, mata suka amsa, fartanyoyi suka sauka.